Inna Larai Mai Hoton Cikin Gida

"To, shi wannan na biyun, wa ke gadin ƙofarsa?" in ji Inna Larai.

"Babu mai gadi, Inna," na ce. "Adireshi za su ba mu, mu tura wa Fanna. Duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya buɗewa."

"Wato a ɗora makulli a kan katanga, a ce wa mutum ɗaya ga inda yake."

"Kusan haka ne."

"Wuce shi."

Tun da hantsi take zaune a kan bencin shagona da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, inda nake buga wa mutane takardu, ɗalibai kuma su shigo su yi amfani da intanet. Ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, hannunta ɗaya na cikin hijabi, riƙe da ambulan da ta naɗe a ɗankwali. Shafi muke nema wanda za a ajiye hoto a ciki, wanda ke nesa ya gani. Na farko mun riga mun wuce shi, irin wanda samari ke saka hotunansu kowa ya kalla ya tofa albarkacin bakinsa. Da na yi mata bayaninsa, cewa ta yi wannan ai tsakiyar kasuwar Kurmi ce.

Duk wanda ya tashi a Koki ya san Inna Larai. Ita ce mai ɗaukar hoton cikin gida. Inda aka rubuta "ba a shiga" a bakin zaure, nan ne wurin aikinta, domin namiji mai kyamara iyakarsa ƙofar gida. Ranar sunana ma ita ta ɗauke ni, kuma ba ta bari na manta.

Hoton da ke cikin ambulan ɗin na Hajiya Mailafiya ne, wata 'yar asalin Barno da iyayenta suka daɗe da zama a unguwarmu. Ta rasu a farkon damina. 'Yarta Fanna tana Malesiya, inda mijinta Modu ke karatu, ba ta samu zuwa ko gaisuwa ba. Abin da take da shi na mahaifiyarta hoton fasfo ne na aikin hajji, fuska a ɗaure cikin hijabi. Sai ta kira Inna Larai tana roƙo, ko akwai wani a wurinta. Akwai guda ɗaya. Amma Hajiya ba ta da ɗankwali a cikinsa.

"Saura na uku," na ce. "Shi sai an rubuta adireshin imel ɗin mutum an gayyace shi. Idan ba shi ba ne, ko ya sami hanyar, ƙofar ba ta buɗe masa."

"Su masu gidan fa? Maza ne ko mata?"

"Ban sani ba, Inna. Sun ce na'ura ce ke ajiyewa, ba mutum ke bi yana dubawa ba."

"Sun ce."

"Sun ce. Ba zan rantse miki ba."

Ta daɗe tana murza gwiwarta. "Ko fim ɗin da nake kaiwa wanki, a gabana ake wankewa, ina tsaye a kan yaron kamar mai jiran gado a asibiti. Yanzu ka ce in miƙa wa wanda ban san ko fuskarsa ba." Ta ja numfashi. "To, ya zan yi? Direba ba ya zuwa Malesiya. Kira mini ita."

Na kira Fanna na sa wayar a fili. Can wurinsu yamma ta yi. Bayan gaisuwa da ta'aziyya na tambaye ta adireshin imel, ta fara karanto mini, sai na ji sunan Modu a ciki.

"Na wa?" Inna Larai ta katse ta.

"Na maigidan ne, Inna. Shi muke amfani da shi duka."

"Fanna, kina da hankali kuwa? Uwarki da ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban Modu ba, in ya shigo gaisuwa ta bayan labule take amsawa, ita za ki kai masa kai a buɗe?"

"Inna, ai ba zai duba ba."

"Ba zai duba ba, zai gani. Buɗe naki, mai sunanki. Ina nan zaune, ba inda za ni."

Fanna ta ce a ba ta ɗan lokaci, yaro na kuka. Ana ajiye wayar aka ɗauke wuta. Na fita na ja janareto har kafaɗata ta amsa kafin ya tashi. Da na dawo na tarar da ita ta jingina da bango ido a rufe. Na zaci barci take, ashe magana za ta yi.

Ta ce ita ba ta taɓa sha'awar kyamara ba. Mijinta, Malam Sabo mai hoto, shi ke da ɗan shago a bakin titi, da labule mai zanen bene da furannin roba. Mata ba sa zuwa, in ma sun zo sai a lulluɓe, a tsaye ƙiƙam kamar an kira su kotu. Wata rana ya rataya mata tsohuwar kyamararsa a wuya, ya ce ta shiga gidan biki ta danna abin da ta gani. Rabin hotunan farko ba su da kai. Ya yi dariya har da hawaye, ya sake sa mata wani fim.

Lokacin da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, aiki ya yi wa Malam Sabo yawa. Kowa na son fosta, har mai neman kansila. Ita kuma ta samu nata, domin bukukuwa sun ƙaru, ana ɗinki, ana jere. Ba a daɗe ba ya kwanta ciwo, ya rasu. Shagon ya koma na mai cajin waya. Kyamarar ta zauna a wuyanta.

"Ka san abin da ya sa nake da akwati?" ta tambaye ni, ido har yanzu a rufe.

Na san akwatin, na ƙarfe ne, a ƙarƙashin gadonta yake. Amma na ce ban sani ba, don na ga tana son faɗa.

"Albam. In baƙo ya zo, kafin a kawo abinci me ake miƙa masa? Albam. Yara su ɗauka su kai zaure, abokan maigida su bi shafi-shafi suna tambayar wannan wace ce. To mace ta yi sabon kitso, ta sha lalle, tana son ta ga kanta. Sai ta ja ni ɗaka ta ture ɗankwali ta ce, Larai ɗauke ni. In na wanko na kawo, ta kalla, ta nuna wa 'yar'uwarta, sai ta mayar mini ta ce ajiye mini a wurinki, gidan nan ba a ɓoye komai. Haka suka taru. Wasu sukan aiko a kai musu su gani su dawo da shi. Wasu sun manta. Wasu sun mutu."

Ta ce na Hajiya Mailafiya ranar sunan Fanna aka ɗauka. Wata tsohuwa daga danginsu ta zo ta yi mata kitso irin nasu na Barebari, aka turara ɗakin har ido na yaji. Hajiya tana cikin dariyar wani abu da aka faɗa, ita kuma Inna Larai ta danna.

"Yanzu ɗakin nawa yoyo yake," ta ce. "Bana da na buɗe akwatin, na ƙasa sun manne da juna. In ka ɓamɓare, fuskar wannan ta tafi a bayan waccan. Idona kuma ya fara hazo. Aiki ma babu. Ka shiga gidan suna, kowace yarinya ta ɗaga waya, ni ina tsaye da kyamara kamar wadda ta zo roƙon gishiri. Na gaji, Salihu. Amanar ce kawai ba ta gajiya, tana nan a ƙarƙashin gado."

Wayar ta yi ƙara, saƙon Fanna ne da sabon adireshi mai sunanta.

Na buɗe wa Inna Larai wuri a shafin na uku, da sunanta. Da aka zo kalmar sirri ta ce in sa sunan Malam Sabo, na ce kowa a Koki zai iya cankar wannan, sai ta raɗa mini wani suna da take kiransa da shi, ta ce in na faɗa wa wani ba ta yafe ba. Sannan na ɗaga murfin sikana, na'urar da ke kwafe hoto ta shigar da shi kwamfuta, na miƙa hannu.

Ta kalli hannun. "Kai ba namiji ba ne?"

Na janye shi.

Akwai ɗalibai biyu a ɗaya kwamfutar, ta sa na roƙe su su ɗan sha iska a waje. Na nuna mata gilashin, na ce a kife ake ɗorawa. Wannan ya yi mata daɗi. Na juya baya, na ji motsin ambulan, na ji ta rufe murfin. Sai na tuna hoton zai fito a fuskar kwamfuta, kuma ba zan iya aiki ido a rufe ba. Ta warware ɗankwalin da ta naɗo ambulan da shi, ta yafa wa kwamfutar, ta bar mini gefen da maɓallan suke.

"Ga shi na ɗaura mata," ta ce. "Yi aikinka."

Na danna. Hasken ya bi ta ƙarƙashin murfin ya dawo. Na ce ta leƙa ta gaya mini ko ya fito. Na kau da kai, ta ɗaga gefen ɗankwalin ta kai fuskarta kusa.

"Ina ganin duhu da haske dai. Ya fito."

Intanet ɗin ranar tafiyar tsohuwa yake yi. Muka zauna muna kallon ɗan layin da ke cika a gefen ɗankwali, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Da ya cika na rubuta adireshin Fanna na gayyace ta. Ba a jima ba ta kira. Muryarta ta canja, ba ka iya raba dariyar da kukan.

"Inna Larai, kin aiko mini da Umma kai a ƙasa."

"Kai a ina?"

"A ƙasa. In na juya wayar sai hoton ya juya shi ma, ya koma yadda yake."

Inna Larai ta harare ni. "Kai da na'urarka."

"Inna, ai ban gani ba."

"Da ka gani da ka ga abin da ya fi wannan." Ta koma kan wayar. "Bari a sake."

"A'a, bar shi," in ji Fanna. "Na shimfiɗa wayar a kan darduma na zagayo ta ɗaya gefen. Ga ta nan. Inna, ashe Umma tana da wushirya haka? Me aka faɗa mata take wannan dariyar?"

"Kakarki ce ta ce kin yi kama da tulu. Modu na nan?"

"Yana makaranta."

"To, ki rufe kafin ya dawo."

Suka yi sallama. Inna Larai ta goge ido da bakin hijabi, ta ce hayaƙin janareto ne. Ta sa na goge kwafin da ya rage a kwamfutata, tana tsaye a kaina, ta tambaya sau biyu ko ya fita duka, sannan ta cire ɗankwalin. Ta sa na sake juya baya ta ɗauke hoton daga gilashi.

Na ce mata wurin da muka buɗe zai ɗauki duk abin da ke akwatin, in tana so mu riƙa yi kaɗan-kaɗan kafin ruwa ya gama da su.

"Kowace sai da nata adireshin?"

"Sai da shi."

"Matan Koki nawa ne ke da shi, wanda ba na miji ko na ɗa ba?" Ta girgiza kai. "Na nesa dai, irin Fanna, zan kawo. Na kusa zan bi su gida-gida in mayar wa kowa nata, ta san inda za ta sa. Waɗanda suka mutu in nemi 'ya'yansu mata."

"Da wannan ƙafar, Inna?"

"Da wacce zan yi? Ita gare ni."

Ta dafa bencin ta miƙe a hankali, ta gyara igiyar kyamarar a ƙarƙashin hijabi. Ta ce akwai suna a Dukawuya, uwar jaririn ita ta ɗauke ta ranar nata sunan, ko ba su kira ta ba za ta leƙa. Akwai kuma hotuna biyu na gidan a jakarta, tun da safe ta ware su. Na ce in tsayar mata da a-daidaita-sahu, ta ce sai ta kai bakin titi, ƙafar tana son a fara lallashinta tukuna.

Ɗaliban suka dawo ciki. Ita kuma ta bi gefen kwata tana ɗingishi, ta nufi titi.