Ƙadangare Mai Wutsiya Biyu

A gidanmu na Azare, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakata, Dada. Ni ce mai tsiwar cikin jikokinta, don haka take kirana kishiyarta. Tatsuniyoyinta duk da daɗi suke ƙarewa, ban da guda ɗaya da na tsana.

Wai akwai wata yarinya a ƙauyen Katagum, gwanar zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. A gindin kowace ƙwaryarta takan zana ƙadangare mai wutsiya biyu. Shekarar da aka yi yunwa, wani farin aljani ya zo da akwati, ya ba babanta hatsi, ya kwashe ƙorenta kaf, har da wadda ta zana wa mahaifiyarta kafin ta rasu. Yarinya ta jefa wuƙar a rijiya, ba ta sake zane ba.

A nan Dada take katse labarin, tana murza wani tsohon tabon ƙuna a babban yatsanta. Idan na matsa mata da tambayar yadda aka ƙare, sai ta ce, "Kishiya, ya tafi da su ke nan. Tashi ki kwanta."

Na girma, na zama mai kula da kayan fasahar gargajiya a gidan tarihi, Dada kuwa ta daɗe da rasuwa. Bara wani gidan tarihi na Turai ya dawo mana da kayan da aka kwasa zamanin mulkin mallaka. Ina sanye da safar hannu na ɗago wata ƙwarya na kifa ta. Ga ƙadangare, ga wutsiya biyu. Wallahi sai na zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk shekarun nan ba tatsuniya take ba mu ba, kukanta take kai mana, mu kuwa muna hamma.

Na nemi a sa sunanta a jikin ƙwaryar. Shugabanmu ya tambaye ni hujja, kuma da gaskiyarsa. Ni kuwa aljani da rijiya kawai gare ni.

Har yau ƙwaryar tana cikin gilashi a matsayin aikin wanda ba a sani ba. Amma duk wanda ya tsaya a gabanta, ko ɗan makaranta ne, sai na tare shi na faɗa masa sunan mai ita: Hauwa'u, ta Katagum, kakata.