Ranar da Nerina Ta Hau Tudun Garinsu da Koriyar Riga

Keken da Nerina Dal Zotto ta fara hawa na kai burodi ne, baƙi, mai nauyin tsiya, da kwando a gaba. Babanta Gelindo shi ne mai gasa burodi a garin Rivasecca, ita kuwa tun tana firamare take kai wa gidajen saman tudu nasu kafin a shiga aji. Wata safiya samarin ƙungiyar Scapin suna atisaye a kan tudun, sai ga yarinya da kwando ta manne a bayansu, ta ƙi sakinsu har sama. Ettore Scapin, mai masana'antar kujeru da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, yana biye da su a mota. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?"

"'Yar mai burodi. Matsa min, Kawu, sauri nake."

Kafin mako ya zagayo ya aiko mata da jan keken tsere. Daga ranar ta koma kiransa Maigida.

Da Ettore ya kafa ƙungiyar mata, a kan 'yarsa Loredana ya gina ta. Babu wanda ya ce son kai ne, don Loredana gwana ce: in ta miƙe a kan feda kusa da layin ƙarshe, sai dai a ga bayanta. Ita kuwa Nerina, aikinta shi ne ta kai Loredana wurin. Ita ke shiga gaba ta tare mata iska. Ita ke komawa baya wajen mota ta cusa gorunan ruwa a riga ta kawo. In tayar Loredana ta yi faci, Nerina ce ke cire tata ta ba ta, ta tsaya bakin hanya tana jira. Sama da shekara goma ta yi a haka cikin jar riga, ba ta ci tsere ko ɗaya ba, kuma bai dame ta ba. A shagon kofi na Bepi, inda magoya bayan ƙungiyar ke taruwa, hotonta na jikin bango, ɗan ƙarami, ƙarƙashin na Loredana.

Tana da shekara talatin da uku ta faɗi a wata gangara, ana ruwa, ƙugunta ya tsage. Ta yi watanni tana koyon tafiya, sannan ta koma kan keke a ɗaki, tana tuƙawa tana cije baki. Da kaka ta shigo ta tafi rumfar ƙungiya ta ɗauki kekenta. Tana ɗora hannu a sirdi ta ji ba daidai ba: an sauke shi, an canza mariƙin. An riga an daidaita keken da jikin wata sabuwar yarinya.

Ettore ya fito daga ofis da fara'arsa, ya rungume ta.

"'Yata! Dama ina son ganinki. Keke kam ya ƙare miki, kin yi mai isarki. Amma ke 'yar gida ce, ba za mu yar da ke ba. Ki riƙa tuƙa mana motar kaya, kina kula da wankin riguna."

"Maigida, likita ya ce na warke."

"Likita bai taɓa hawa tudu ba."

"To ka gwada ni. Ka sa mota a bayana mu hau yanzu."

Ya yi dariya ya shafa kanta, yadda yake yi tun tana yarinya. Wannan shafawar ce ta fi komai ƙona mata rai. Ta san da zuciya ɗaya ya yi maganar, a ganinsa alheri yake mata. Ta dai juya ta fita, ba ta ce na gode ba.

A hayin kogin Piave akwai wata ƙungiyar tseren keke ta haɗin gwiwar masu yin cuku, masu koriyar riga. Mutanen Rivasecca tun kakanni ba sa ga maciji da su. Masu cukun suna da wata yarinya 'yar Slovenia, Urska, mai ƙarfi kamar doki amma ba ta san inda za ta tsaya a cikin ayarin masu tsere ba, suna neman wadda za ta riƙe hannunta. Suka kira Nerina. Ta ce su fara gwada ta tukuna. Suka gwada, ta sa hannu.

Garin ya ɗauka. Bepi ya sauke hotonta. Matan da suka goya ta suka riƙa tsallaka titi in sun hango ta. Samari kuwa in ta wuce sai su toshe hanci: "Kai, wa ya shigo da cuku?" Ita kuma ba ta canza hanya ba. Kullum da safe sai ta bi ta tsakiyar gari da koriyar rigarta, a hankali, har tana ɗaga wa masu toshe hancin hannu.

A gida ne abin ya fi zafi. Gelindo ya zauna gaban kwanon polenta, tuwon masararsu, ya ƙi ci.

"Mutumin nan shi ya saya miki keke, Nerina."

"Na sani, Baba. Ni kuma na ba 'yarsa ƙafafuna tun ina budurwa. Keke ya saya, bai saye ni ba."

"To ko ina ne ban da 'yan cuku! Da wace fuska zan shiga wajen Bepi?"

"Da wadda kake shiga da ita kullum. Ba sata na yi ba."

Tseren bazara na yankin ta cikin Rivasecca yake bi, ya hau tudun, ya sauka ya ƙare a filin coci. A shekarar kowa ya san shi ne na ƙarshe ga Loredana a gida, don ta ce za ta ajiye keke. Da safe kocin masu koriyar riga ya tsara musu aiki: Nerina za ta ja ayari tun daga gindin tudu da iya ƙarfinta, ta tarwatsa shi, sannan Urska ta fice.

Saura kaɗan a isa tudun Nerina ta koma baya ɗebo ruwa. Tana cusa goruna a riga sai ga jar motar Scapin ta matso gefenta. Ettore ya sauke gilashi. Fuskarsa ba fara'a.

"Nerina. Loredana ba ta da lafiya, cikinta ne, tun jiya ba abin da ya zauna mata. Ba wanda ya sani. Ki sassauta a tudun nan. In ta haye tare da su, daga gangara zuwa layin ƙarshe ba mai kama ta."

"Maigida, bai kamata ka gaya min ba."

"Ke 'yata ce!"

"Dubi rigar da ke jikina."

"Riga! Wa ya koya miki sa riga? Yau ɗaya tak nake roƙonki."

Ta dube shi. Ya tsufa. Ta ce, "Ba zan gaya wa kowa ba. Amma ba zan sassauta ba." Ta taka feda ta bar motar.

Da ta koma cikin ayari ta miƙa wa Urska gora. Yarinyar ta ce, "Me tsohon yake ce miki?"

"Gaisuwa. Sha ruwa ki manne a bayana."

A gindin tudu an rubuta da farin fenti a kan kwalta, manya-manya: NERINA MACIYA AMANA. Ta bi ta kan rubutun ta shige gaba. Ba ta ƙara a kan abin da koci ya ce da safe ba, ba ta kuma rage ba. Ta san kowace kwana a tudun, ta san inda yake yaudarar mutum ya ɗauka ya ƙare. Mutanen gari sun cika gefen hanya, suna ihu a kunnenta, wani ya watsa mata ruwan inabi a fuska. Ba ta ko goge ba. A bayanta ayarin ya fara tsinkewa. Can ta ji muryar da ta fi sani a duniya, muryar Loredana, a shaƙe: "Neri! Neri, don Allah!"

Shekara da shekaru, in ta ji wannan kiran ƙafafunta da kansu suke sassautawa. Yau ma sun so. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murzawa, hawaye da ruwan inabi na gangaro mata a haɓa.

Kusa da sama ƙarfinta ya ƙare sarai. Ta matsa gefe ta daka wa Urska tsawa, "Tafi, ke! Me kike jira?" Yarinyar ta fice ita kaɗai, ita ta ci tseren. Nerina ta iso can baya cikin 'yan rakiya. Loredana ba ta ƙarasa ba, a saman tudu ta sauka ta shiga mota.

A filin coci Ettore ya ratso jama'a ya tsaya gabanta. Tana zaune a kan dakali, ko takalmi ba ta iya cirewa ba.

"Ina jira ki ba ni haƙuri," in ji shi.

"To sai ka aika a kawo maka kujera ɗaya daga masana'anta, Maigida. Jiran zai yi tsawo."

Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba, wasu suka ja tsaki. Gelindo, wanda ya rantse ba zai zo kallo ba, ya fito daga cikin taron da garin fulawa a gira. Bai ce ta yi daidai ba. Ya durƙusa ya kwance mata takalman, ya ɗauki keken ya sa a kafaɗa, ya ce, "Tashi mu je, miya na hucewa."

Maganar ciwon Loredana kuwa, sai bayan shekaru mutane suka ji ta, kuma daga bakin Loredana da kanta. Wasu suka ce ashe Nerina ta riƙe sirri. Wasu suka ce wannan ma ya fi muni, ta sani amma ta murza. Har yau in aka taso da zancen wajen Bepi sai an rabu biyu. Loredana ta daɗe ba ta yi wa Nerina magana ba, yanzu suna gaisawa in sun haɗu, iyakarta ke nan.

Nerina ta ƙara kakar tsere biyu da masu cuku. Da suka fara yi mata zancen hutu, ta tattara ta koma wata ƙaramar ƙungiya a Spain ta yi shekara guda, sannan ta ajiye keke a ranar da ita ta ga dama. Yanzu motar 'yan makaranta take tuƙawa tsakanin ƙauyukan tudu. Ƙugun yana yi mata ciwo in sanyi ya shigo, tana ɗan ɗingishi. 'Yan matan da suka shiga tsere sukan zo gidanta neman shawara in wata ƙungiya ta kira su, sau da yawa a ɓoye, kada iyayensu su ji wajen wa suka je. Takan ba su kofi, ta saurare su har su gama, sannan ta tambaye su abu ɗaya: can ɗin da ake kiransu, za a bar su su hau keke?