Allura Ta Uku

Shekarar da aka kira mu bita a Kankara, ni kaɗai ce ma'aikaciyar lafiya da ta rage a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Yargoje. Abokin aikina 'yan bindiga suka tare a hanya da damina, bai dawo ba. Tun daga nan aikin ya zame mini sabo kawai. In buɗe ƙofa, in share, in duba wanda ya zo, in rufe. Ko kuka ban yi ba.

Bitar a kan masu ciwon suga ce. Likitar da ta koyar da mu ta ce ciwon hanta yana saurin samunsu saboda yawan huda musu yatsa, balle in abin hudar ɗaya ne ake zagayawa da shi. Ta ce mu daina jira su tambaya, mu fara yi musu maganar rigakafi da kanmu. Allura uku ce, ta ƙarshe sai bayan wata shida. Aka haɗa mu biyu-biyu muna gwada lallashi. Wani dattijon ma'aikaci daga Faskari ya zama majinyacina, ya yi ta gardama har ajin ya ɗauki dariya. Ni dai na faɗi abin da aka ce in faɗa. Shinkafar da aka raba na cinye ta, ban ji gishirinta ba.

Wanda na fara yi wa maganar bayan na koma gida wani tsohon manomin dawa ne da ke zuwa awon suga duk ranar kasuwa. Ya saurare ni har na gama, yana murza hularsa.

"Wata shida, ɗiyata? Ke kin san inda za ki kwana jibi?"

Na ce ban sani ba, Baba. Sai ya naɗe hannun rigarsa.

Ranar allura ta biyu ma ya zo, da ƙullin gyaɗa a leda. Kafin a yanke dawa ƙauyen ya watse. Na koma Kankara wurin yayata, aka ba ni aiki a wani asibitin. Shi kuma aka ce ɗansa ya ɗauke shi.

Da lokacin ta uku ya yi na nemi lambar ɗan. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce suna Damari, Baba yana nan da rai, ƙafa ce ke damunsa, ba ya fita. Na ce ko a babur ne a kai shi asibiti mafi kusa, a ce saura allurar hanta ɗaya. Ta ce to, za ta gaya wa maigidan.

Ban san ko an kai shi ba. Na ajiye wayar, na wanke hannu, na kira matar da ke zaune a bakin benci tana jiran a duba ta.