Rijiyar da Muka Shafa wa Fatiha

Da hantsi ina bakin rijiya ina jan guga. 'Yata Dije, 'yar shekara huɗu, tana tsugune tana cuɗa taɓo. Mijina Idi ya kora raƙuma tun asuba. Tungarmu tana gabashin Nijar, rijiya ɗaya gare mu, mu da dabbobi.

Watannin baya prefe, wakilin gwamnati ke nan, ya zo a motar wani kamfani da baƙi masu hular kwano. Ya ce za a haƙa rijiyoyi a dajinmu. Mu mata muka rangaɗa guɗa. Aka yanka rago, dattawa suka shafa fatiha. Ba wanda ya tambaya rijiyar me. Mu dai mun san rijiya ta ruwa ce. Shi kuwa, Allah ya isa, ta man fetur yake nufi. Ya ci namanmu, ya suɗe hannu, ya tafi. Da aka ce mu tashi muka ƙi, sai aka ce daji na gwamnati ne, kuma ai da bakinmu muka yarda.

Ina cikin ɗaure bakin salka na ji rugugin motoci. Sojoji ne, a motocin kamfanin.

"Ku fita! Kowa ya fita!"

Suka cinna wa bukkoki wuta. Zana tana ƙara tas-tas, awaki suna kuka a ɗaure. Idi ya hango hayaƙi ya sheƙo a guje da raƙuman.

"Kwanta!"

Bai kwanta da wuri ba. Suka fasa masa baki da gindin bindiga, suka harbe raƙuman a gabansa. Biyu daga cikin sojojin suka mirgino ganga suka tuttule gas a rijiyar. Wani ya zo ya farke salkata da wuƙa. Yana kallona yana dariya har ruwan ya ƙare a yashi.

Na goya Dije, na kama hannun Idi, muka yi yamma. Akwai wata rijiyar makiyaya a can. Da azahar yashi ya fara cin tafin ƙafa. Dije ta ce ruwa. Na ce saura kaɗan. Ta yi ta faɗa, tun tana kuka har muryar ta dushe. Na sa mata harshena a baki, ni ma ba yawu.

Bayan la'asar muka ji tuk-tuk ɗin inji. Raina ya yi fari. Da muka matso sai ga waya an zagaye rijiyar. Inji yana zuƙe ruwan, tiyo yana kai shi inda ake haƙar man. Yana ma yoyo, ƙasa ta jiƙe a cikin wayar. Na kwanto Dije na ɗaga ta sama don mai gadin ya gani.

"Ku koma baya!"

Ya harba sama. Muka koma.

Na sake goya ta. Kafin magariba hannunta ya saki wuyana. Na san abin da ya faru, amma na ci gaba da tafiya, sai da Idi ya tare ni. Ya buga tafinsa a yashi ya yi mata taimama. Da hannu muka tona ramin.

Yanzu muna gudun hijira a unguwar Highbridge ta birnin New York, a bene hawa na biyar. Ina jinyar wata tsohuwa, Idi yana wanke-wanke a gidan abinci. Bara maƙwabcinmu, direban manyan baƙi, ya ce mana manyan gwamnatin ƙasarmu sun zo nan New York sun ƙara wa kamfanin fili. A otal aka yi, har da tafi. Na tsane su, ban kuma yafe ba.

In an tambaye ni 'ya'ya nawa gare ni, uku nake cewa. Biyu a nan aka haife su, kullum sai na yi faɗa kafin su fito daga baho. Ta farin, ko wanka ban yi mata ba.