Na Hana Maigidana Yin Bankwana

A lokacin da abin nan ya faru na ba shekara arba'in baya, ina zaune da maigidana a wani ƙauye da ke bayan Dayi, cikin ƙasar Malumfashi. Manoma ne mu, dawa da masara da auduga, da rani kuma ina yin daddawa in kai kasuwa. Iyayenmu Maguzawa ne, mu ne farkon waɗanda suka bi Almasihu a gidajenmu, kuma a ƙaramar ikilisiyarmu ni ce shugabar zumuntar mata. Allah ya ba ni baki, ga riƙe ayoyi a ka. In mace ta yi ɓari, ko ɗanta ya kwanta ciwo, ni ake kira in je in ƙarfafa ta, kuma maganar da ta fi yawa a bakina ita ce a bar wa Allah. Na faɗe ta a ɗakunan mutane ba adadi, da murya mai daɗi, ban san nauyinta ba sai da abin ya zo ɗakina. Na daɗe ina ɓoye labarin nan. Yau na rubuto shi ne don kada wata ta yi abin da na yi.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, dattijo ne a ikilisiya, amma akwai abu guda da ke cin ransa. Yana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tsaya a kan addinin iyaye. A gonarsu ta gado akwai wata tsohuwar tsamiya, wadda tun kafin zuwan Turawa kakanninsu ke yanka a gindinta kafin a yi shuka. Da aka raba gona sai tsamiyar ta faɗo a ɓangaren maigidana. Shi kuwa a lokacin yana cikin zafin sabon tuba, ya ɗauki gatari ya sare ta bai ko yi wa yayansa magana ba. Yayan bai yi faɗa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetaren rafi ya kafa gida. Tun daga nan sai gaisuwar hanya, ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba, har 'ya'yanmu suka girma suka yi aure.

Wata shekara bayan an gama kaka, maigidana ya fara ramewa. Idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya riƙa kumbura, tuwon da yake tashi da malmala biyu ya koma sai ya ɗan taɓa ya ture. Muka yi ta jiƙe-jiƙe ba sauƙi, daga baya na kai shi asibiti a Malumfashi. Bayan an gama dube-dube likita ya kira ni gefe, ya gaya mini cikin tausayi cewa ciwon hanta ne, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya ce zai ba mu maganin da zai rage masa zafi, in koma da shi gida in kula da shi. Na fito na goge fuskata, na ce wa maigidana likita ya ce zai warke, sai dai a hankali. Ya dube ni ya gyaɗa kai. Ashe ya fi ni sani.

Mun dawo gida ne daidai makon da aka shiga azumin da muke yi kafin Ista. Bazara ta kama, mutane suna sharar gona, Baba Fasto kuma kowace Lahadi wa'azinsa ɗaya ne: lokaci ne na shiri, kowa ya binciki zuciyarsa, ya gyara tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya saki abin da ya ƙanƙame. Maigidana ba ya iya azumin abinci, amma ya ɗauki shirin nan da gaske fiye da kowa a garin. Da hantsi sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ya fara gaya mini wane gefen gona ne ke riƙe ruwa, wane ne bai kamata a maimaita masara a kai ba, wa za a ba galmarsa. Duk lokacin da ya fara sai in katse shi. In ce wannan maganar rashin bangaskiya ce, dattijon ikilisiya bai kamata ya riƙa kiran mutuwa da bakinsa ba. Sai ya yi murmushi ya bar maganar.

Ni kuwa na ɗauki azumin tamkar ciniki tsakanina da Allah. Nakan wuni ban sa ko ruwa a baki ba har jiri ya riƙa ɗibata a wajen daka. Na tara matan zumunta suna zuwa addu'a, na kuma gargaɗe su kada wadda ta kuskura ta yi kuka a gabansa. A raina na ƙudura cewa in na wahala sosai, Allah ba zai iya hana ni abin da nake roƙo ba. Wata rana Baba Fasto ya zo duba shi. Ya roƙa masa warkewa da zuciya ɗaya, amma a ƙarshe ya ƙara da cewa in nufin Ubangiji dabam ne, ya ba mu alherin karɓa. Kowa ya ce amin ban da ni. Na bi shi har zaure na ce kada ya sake yin irin wannan addu'ar a gidana. Bai yi fushi ba. Ya tuna mini cewa Ubangijinmu da kansa, a cikin lambu a daren da za a kama shi, ya roƙi a ɗauke masa wahalar, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uban. Ya ce, "Mama, ki bar shi ya yi magana. Shi ma shiri yake yi." Na ce masa yana faɗin haka ne don ba matarsa ce a kwance ba. Har yau in na tuna yadda dattijon nan ya sunkuyar da kai ya fita, kunya ce ke rufe ni.

Ana cikin haka, wata safiya ina ba shi kunu, maigidana ya riƙe wuyan hannuna. Hannunsa ba ƙarfi, amma bai saki ba. Ya ce, "Ki aika a kira mini Yaya. Ban yi nadamar bin Almasihu ba, amma yadda na yi masa ban kyauta ba. Akwai maganar da nake so in faɗa masa da bakina." Na ce ya bari sai bayan Ista, in ya yi ƙarfi ya taka da ƙafarsa ya je, hakan ya fi girmamawa. Na ba kaina hujjoji iri-iri. Na ce yayan zai zo mana da magungunan tsafi, na ce mutane za su ce dattijon ikilisiya ya ji wuya ya koma wajen Maguzawa. Duk ƙarya nake yi wa kaina. Gaskiyar ita ce na san maganar nan ce kaɗai ta rage masa a duniya. Na ɗauka muddin bai faɗe ta ba, ba zai tafi ba. Ya sake tambaya bayan kwana biyu, ya kuma sake. Da ya matsa sai na ce an aika, ba a same shi a gida ba. Ni da nake azumi, ni da nake koyar da mata, na dubi idon mijina na yi masa ƙarya, na kuma tashi na tafi addu'a.

Babbar 'yarmu da ke aure a Bakori ta zo ganinsa. Kwana ɗaya ta yi ta gane abin da ke faruwa. Ta same ni a madafa ta durƙusa, ta ce Inna don Allah a kira wa Baba ɗan'uwansa. Na tambaye ta ko ta ƙosa ubanta ya mutu ne. Ta fashe da kuka ta fita. Ban sani ba ashe a ranar ta aika ƙetaren rafi a ɓoye. Ni kuma a ranar na yanke shawarar kai shi babban asibiti a Zariya, ban yi shawara da kowa ba. Da na gaya masa ya ce ba ya so. Ya ce makon ƙarshe na azumi ya shigo, yana so ranar Alhamis ya ci Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, tare da mutanensa, yana so in lokaci ya yi ya kasance a ɗakinsa. Na yi kuka, na yi birgima a ƙasa, na ce in yana ƙaunata zai tashi mu tafi, in kuwa ya ƙi to ya gaji da ni ne. Ya dube ni ya ce to, mu je. Don ni ya yarda, ba don kansa ba.

Washegari da sassafe aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin titi a Dayi. Duk tsawon hanyar kansa na juye wajen rafi. Na gani, na kawar da ido, na ce wa mai shanun ya yi sauri kada mota ta wuce mu. Muka shiga motar Funtua, daga can muka canja ta Zariya, kowane rami motar ta faɗa sai na ji nishinsa. A asibitin an karɓe mu da kyau, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma maganarsu ɗaya ce da ta likitan farko. Ya kwanta a cikin baƙi, ba wanda ya san shi, ba wanda zai yi masa waƙar da yake so. Muryarsa ta riƙa shigewa. Ranar Alhamis da la'asar, daidai lokacin da na san a gida ana shirya teburin Jibi, ya buɗe ido ya ce, "Yaya ya zo?" Na ce yana hanya. Ya lumshe ido. Bai ƙara magana ba har ya cika. Maganar ƙarshe da mijina ya ji daga bakina ita ma ƙarya ce.

Da muka kawo gawarsa gida, na tarar yayan ne a cikin kabarin yana haƙa tare da samari, tsoho da furfura, an yi an yi ya ba da magirbin ya ƙi. Lokacin da ake sujada bai shiga majami'a ba, ya tsaya a waje ya jingina da bango har aka gama. Bayan an watse zaman makoki ya zo gidan ya zauna a bakin zaure ya ce a kira ni. Na durƙusa daga nesa na rufe fuska, tunda akwai kunya tsakaninmu. Ya ce saƙon 'yata ya same shi, washegari kuma ya kamo hanya. Sai dai ya ɗan biya ya nemo zuma, don ƙanensa tun yana yaro yana son ta. Ya iso ya tarar mun fita, ya bi mu har bakin titi, aka ce yanzu motar ta tashi. Ya ce kullum sai ya fito bakin titin ya zauna ko za mu dawo. Sa'an nan ya tambaye ni wace magana ce ƙanensa yake so ya faɗa masa.

Na so in ƙirƙiro masa magana mai daɗi, har na buɗe baki. Amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Baba, na san gafararka yake nema. Amma kalmomin da ya shirya maka ban san su ba, don ban bar shi ya faɗa ba. Ya daɗe yana cewa a kira ka. Ni ce na hana." Sai ya ce, "Ni tun shekarar da uwarmu ta mutu na huce. Girman kai ne ya hana ni ƙetare rafin nan. Da ya ji wannan da kunnensa, da ya tafi da sauƙi." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na ajiye shugabancin zumuntar mata a shekarar, don na kasa duban mace in ce ta bar wa Allah. Na je na durƙusa wa Baba Fasto na faɗi duk abin da na yi, na kuma nemi gafarar 'yata. Dukansu sun yafe mini, na kuma gaskata Ubangiji ya gafarta mini. Amma gafara ba ta mayar da abin da ya wuce, kuma duk shekara in azumin nan ya zagayo abin sai ya dawo mini sabo. Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, kai mara lafiya asibiti ba laifi ba ne, roƙon warkewa ma ba laifi ba ne. Laifina shi ne tsoro ne ya cika ni na sa masa suna bangaskiya. Ban yarda Allah zai riƙe mijina ba, ban kuma yarda zai riƙe ni in mijin ba ya nan ba, shi ya sa na riƙe da kaina har na shaƙe shi. A duk ikilisiyar nan shi ne ya fi kowa shirin gamuwa da Ubangiji a azumin nan, ni kuma na tsaya na hana shi ƙarasawa.

Ina roƙon duk mai jinyar wani nasa, musamman 'yan'uwana mata masu ƙwazon addu'a, ku yi addu'ar da dukan ƙarfinku, amma ku bar wa Allah amsar. In mara lafiyarku ya fara maganar da ba ku son ji, ku zauna ku ji, ko da zuciyarku za ta tsage. In ya ce a kira masa wani, ku aika a take, kada ku ce sai gobe. Yayan maigidana shi ma ya rasu tuntuni. Har yau ban san abin da ƙanensa ya tanada zai faɗa masa ba, kuma babu wanda zai taɓa sani, domin ni ce na tare hanya.