Yaɗiyar Gorton

Shekarar da na haihu a Gorton, wata unguwa a Manchester, mahaifiyata ta zo daga Kano taya ni jego. Katangar bayan gidan da muke haya, wata ciyawa mai yaɗo ce ta lulluɓe ta, Turawa na kiranta aibi. Ba ruwanta da rana, inuwa da danshi take so. Da 'yan ƙananan saiwoyi take kama bulo ta hau, kuma ko sanyi ya kakkaɓe kowace bishiya, ita tana nan kore shar. Ganyenta na ƙasa mai yatsu ne, na sama kuwa mai tsini ɗaya, kamar na yaɗiya. Ni ban taɓa lura ba. Inna ta lura.

Ran nan na dawo daga jami'a da azahar, na tarar da ita a falo ta dafe ciki, hannayenta duk ƙuraje. A kicin ga dakakken ƙuli-ƙulin da ta zo da shi.

"Inna, me kika ci?"

"Kwaɗon yaɗiya. Sau biyu na tafasa na zubar da ruwan, ɗacin ya ƙi fita."

"Wace yaɗiya a Manchester?"

Ta nuna katanga.

Na buga wa ofishin likitanmu, wato GP, waya, na dawo. "GP sun ce babu damar ganin likita sai mako mai zuwa. Tashi mu tafi!" Ɗan asibitin unguwarmu kuwa an rufe shi tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Na goya jaririya, na karyo reshe ɗaya na cusa a jaka, muka hau tasi zuwa babban asibiti. Sau biyu ta yi amai a hanya, ni kuwa faɗa nake ta yi mata kamar ni na haife ta. Tsoro ne fal cikina, amma faɗa ke fitowa.

Muka zauna layi har la'asar ta wuce. Duk ta lumshe ido sai in girgiza ta. Da ƙyar aka kira mu. Likita ya juya ganyen, ya ce yana da guba, amma abin da ta ci ba zai kashe ta ba. Aka sa mata ƙarin ruwa.

"Inna, don Allah me ya kai ki? Firij cike yake da abinci."

Ta juya fuska bango. "Wata biyu ina gidanki, komai a leda yake shigowa. Na ce yau dai ki dawo ki ci abin da na tsinko da hannuna. Kina shayarwa. Na gode Allah da ni na fara ci."