Kaset na Uku

Shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, ni mai buɗe ƙofar ruwa ne a wata magudana da ta bi ta wajen Bakura. Aikin ba wuya: in juya ƙarfe da safe ruwa ya shiga gonaki, in juya da yamma ya tsaya. Tsakanin juyi biyun nan ba ni da abokin hira sai balbelu. Ɗaki ɗaya na kama a Talata Mafara, bayan shagon wani tela, kuma dukiyata duka keke ce da rikoda.

Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar mini kwali, ciki da tsoffin takalma da kaset uku. Duka ukun na mutum ɗaya ne, baƙar fata ɗan Amurka mai busa saksofon, wata irin algaita ta ƙarfe mai lanƙwasa. A hoton kaset na farko saurayi ne, sai hura hanci yake yi. A na biyu ya yi ƙiba. A na uku gemu ya yi fari fat, yana zaune a kujera, algaitar a cinyarsa.

Na farkon bai taɓa shiga raina ba. Gudu ne kawai da nuna iyawa, kamar saurayin da ya zo gayya yana son a ga shi ya fara kai ƙarshen kunya. A na biyu ya koyi haƙuri, yana barin mai ganga ya yi nasa. Amma na uku shi ne nawa. Tsoho ne ke busa, ba ya sauri, kuma kafin kowane sauti ya fito sai ka ji iskar tana wucewa da ƙyar. Wani wurin ma ya yi shiru har ka ɗauka batir ne ya mutu, sai ya dawo. Ban san sunan waƙa ko ɗaya ba, amma na san inda yake tsayawa ya ja numfashi, ni ma a nan nake jan nawa.

Na nemi wanda zai ji tare da ni, ban samu ba. Tela ya ce akuya ake yankawa. Na kai majalisa sau ɗaya, aka ce in cire in sa kiɗan noma ko in tashi da abina. Na tashi da abina, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Gonarmu ta fadama can wajen Maradun tana cikin waɗanda ruwan madatsa ya cinye, aka mai da su Baba kan tudu mai tsakuwa. Baba bai taɓa zagina don ina aikin ruwan ba. Ya dai daina tambayata aiki. Mu gaisa, mu tambayi gida da gajiya, shi ke nan.

A lokacin, wanda bai iya rubutu ba yakan yi magana cikin kaset ya ba matafiyi. Ƙanen Baba ya daɗe da tafiya gabas, ya zauna a Sudan, sai ga wani mai zuwa can zai tashi washegari. Baba ya shigo gari ranar kasuwa don ya yi masa saƙo da rikodata, bai same ni ba. Tela, da yake a wurinsa nake barin makulli, ya buɗe masa ɗakin. Da bai ga sabon kaset ba, sai ya ciro wanda ke cikin rikodar, ya cusa takarda a ramukan nan biyu na samansa don a iya ɗaukar magana a kansa, ya ce Baba ya yi bisimilla.

Bayan la'asar na dawo na iske su zaune, Baba har da fara'a. Ina ganin kwalin kaset ɗin mai farin gemu a kan tabarma na nufi rikodar. Na danna, sai sallamar Baba a daidai inda tsohon yake fara busa. Na kashe. Na juya kan tela na wanke shi tas, amma Baba ya san da wa nake. Da na huce kaɗan na ce bari in je in sayo sabo ya sake.

Ya ce, "A'a, bar shi, ɗana. Na hwaɗi, ba ni iya sake hwaɗi. Riƙe abinka."

Ya sa takalmansa ya nufi tasha. Ban bi shi ba, ban ba shi kaset ɗin ba. Na jefa shi ƙasan akwati don haushi. Kafin kaka ta zagayo Baba ya rasu, ƙanensa bai taɓa jin saƙon ba.

Na fi shekara kafin na iya sawa. Gaisuwa ce doguwa, irin tasa, har jikokin da bai taɓa gani ba sai da ya gaishe su. Sannan ya shiga lissafa wa ƙanensa abin da ke ƙarƙashin ruwa: tsamiyar bakin gona, rijiya, kushewar mahaifiyarsu. Can wajen ƙarshe ya zo kaina.

"Yaron yana nan lahiya, amma shi kaɗai ya ke. Busa ta Turawa ya ka ji. Kahin mu soma, tela ya sa min na saurara. Tsoho na mai busar, numhwashi na yi mai wuya, amma bai bari ba. Na gane abin da yaron ka ji."

Sai shiru, ana jin numfashin Baba. Sai ƙarar maɓalli, tsohon ya shigo daga tsakiyar waƙa.

Duk garin nan mutum ɗaya ne ya ji abin da nake ji, kuma ranar na bar shi ya tafi tasha shi kaɗai. Abin da ya rage na busa a wannan gefen kaset ɗin bai fi waƙa ɗaya da rabi ba. Har yanzu daga sallamar nake farawa.